A tashe shi ko a bar shi ya huta? Yadda ƙidaya da sauraro suka haɗu a binciken AVERT

A farkon shekarun 2000, wanda ya shiga ɗakin kwantar da masu shanyewar ɓarin jiki a wasu asibitoci biyar na birnin Melbon, ƙasar Ostareliya, zai iya cin karo da wani yana kai-kawo da takarda da biro. Ba ya ba da magani, ba ya auna hawan jini, ko taɓa marar lafiya ba ya yi. Duk bayan minti 10 sai ya bi gadaje ɗaya bayan ɗaya ya rubuta abu uku: ina marar lafiyar yake, me yake yi, wa ke tare da shi. Haka daga ƙarfe 8 na safe har 5 na yamma, kwana biyu a jere. Mutum 64 aka ɗauka don wannan aiki, 58 aka bi har ƙarshe, dukkansu a cikin mako biyun farko bayan ciwon ya same su.

Wadda ta jagoranci aikin likitar fisiyo ce, Julie Bernhardt, wato ɗaya daga cikin waɗanda mutanenmu ke kira masu gashi. Da aka tattara takardun aka buga sakamakon a mujallar Stroke a 2004, sai ga shi marasa lafiyar nan fiye da rabin yininsu a kwance suke yin sa. Kashi 28 cikin ɗari na lokacin suna zaune a wajen gado, kashi 13 kacal suke wani motsi da zai taimaka musu su sake takawa. Sama da kashi 60 na lokacin kuma babu kowa a wurinsu. Ɗakuna ne na musamman da aka ware don wannan ciwo, da ƙwararru da kayan aiki, amma mutum na kwance shi kaɗai yana ƙirga allunan silin.

Daga wannan zagaye aka haifi binciken da ake kira AVERT, wato gwajin tayar da masu shanyewar ɓarin jiki daga gado da wuri, kuma shi nakan ɗauko duk lokacin da ɗalibi ya tambaye ni mene ne amfanin haɗa hanyoyin bincike biyu a aikin fisiyo. Hanya ta farko ita ce ta ƙidaya: a auna, a lissafa, a kwatanta wannan rukuni da wancan da alƙaluma. Ta biyu ita ce ta sauraro: a zauna da mutane kaɗan, a bar su su yi magana, a rubuta abin da suka faɗa kalma da kalma, sannan a zauna a tace shi. A AVERT an yi duka biyun, sai dai ba a ba su kaso daidai ba, kuma inda aka rage wa ɗaya nan ne har yau ake ɗingishi.

Abin da kowa ya riga ya yarda da shi

Illar doguwar kwanciya ba baƙuwa ba ce ga duk wanda ya taɓa jinya. Tsoka tana zubewa, huhu yana tara majina har namoniya ta shiga, jini yana iya daskarewa a jijiyar ƙafa, baya da ɗuwawu su yi gyambo. Ga kuma darasin birnin Trondheim na ƙasar Nowe, inda Bent Indredavik da abokan aikinsa suka nuna tun 1991 cewa waɗanda aka kwantar a ɗaki na musamman na shanyewar ɓarin jiki sun fi samun sauƙi a kan waɗanda aka kai ɗakin gama-gari. Da suka koma suka duba dalili, abin da ya fi fitowa fili shi ne a can ana saurin tayar da marar lafiya daga gado. Mutum ya haɗa wannan da abin da aka gani a Melbon, ai lissafin ya fita da kansa: a tashe su da wuri, a tashe su da yawa.

Bernhardt ba ta tsaya a nan ba, ta ce sai an gwada. An fara da ƙaramin gwaji na mutum 71 a asibitoci biyu na Melbon, aka buga shi a 2008. Ya nuna abin mai yiwuwa ne. Bayan haka wani nazari na bayanan gwajin ya nuna waɗanda aka tayar da wuri sun koma tafiya da ƙafarsu cikin kwana uku da rabi, sauran kuwa sai da suka kai bakwai. Akwai wani abu a gefe da ya kamata ya sa a ɗaga gira: mutum 8 cikin 38 sun rasu a rukunin da aka tayar da wuri, 3 cikin 33 a ɗaya rukunin. Amma adadin ya yi ƙanƙanta, kuma waɗanda suka rasu ciwonsu ya fi tsanani tun farko, don haka lissafi bai iya raba wannan da tsautsayi ba.

Ma'aikata su ma ba bakinsu ɗaya ba. An raba takardar tambayoyi ga likitoci da nas-nas da masu fisiyo su 202, aka buga sakamakon a 2011, kusan kashi 60 suka ce suna ɗari-ɗari da tayar da mutum a ranar farko, musamman wanda jijiya ta fashe masa a kai. Takardar tambaya dai iyakarta ta gaya maka mutum nawa ne ke tsoro. Abin da tsoron ke sa nas ta yi ko ta ƙi yi da ƙarfe 7 na safe a bakin gado, wannan ba ya shiga akwatin "eh" ko "a'a".

Babban gwajin

An fara ɗaukar marasa lafiya a watan Yuli na 2006, ba a rufe ba sai Oktoba na 2014. Shekara takwas ke nan da 'yan watanni. An tantance mutum sama da 25,000, aka shigar da 2,104 daga ɗakuna 56 a ƙasashe biyar: Ostareliya, Niyu Zilan, Malesiya, Singafo da Birtaniya. Gwajin ya daɗe har ma'aikatansa suka haifi jarirai sama da ɗari kafin a gama, har sai da aka rubuta wata maƙalar raha a kan hakan a mujallar BMJ. Abin dariya ne, amma wanda ya taɓa gudanar da bincike ya san duk hutun haihuwa ɗaya na nufin wani ɗaki ya rasa wanda ya san kan aikin.

Kwamfuta ce ke jefa ƙuri'a. Mutum 1,050 suka faɗa rukunin kulawar da aka saba, 1,054 suka faɗa rukunin tashi da wuri. Sharuɗɗan rukuni na biyu uku ne: a fara kafin cikar awa 24 da kamuwa, aikin ya zama na barin gado, wato zama da tsayuwa da tafiya, sannan a ƙara aƙalla zagaye uku a rana a kan abin da aka saba. Za a ci gaba har kwana 14 ko ranar sallama daga ɗakin, duk wanda ya riga zuwa.

A takarda layi uku ne. A bakin gado kuwa ga yadda abin yake. Dattijo ne da aka kawo jiya da la'asar, hannun dama ya saki, baki ya karkace, magana ba ta fita sosai. Mai fisiyo da nas sun tsaya, ɗaya ta gefen da ya mutu, ɗaya ta wajen ƙafafu. A auna jininsa yana kwance. A juya shi, a sauko da ƙafafun, a tallabo kafaɗa har ya zauna a bakin katifa, kansa na rinjaya gefe. A sake aunawa. Idan lambar sama ta awon hawan jinin ta faɗi da fiye da 30, dokar gwajin ta ce a mayar da shi ya kwanta. Idan ba ta faɗi ba, a ci gaba gwargwadon matakin da aka ajiye shi a cikin matakai huɗu na ƙarfin jiki. Sannan a rubuta minti nawa aka yi. Sannan a dawo anjima, a kuma dawowa, alhali akwai wasu gadaje suna jira, ga masu ɗaukar hoton kai sun aiko a kawo shi, ga abincin rana ya iso.

Bayan wata uku, wani ma'aikaci da bai san rukunin da mutum ya faɗa ba shi ke auna sakamako, da ma'aunin da ya samo asali daga likitan Gilasgo John Rankin a 1957, aka yi masa gyara daga baya. Mataki bakwai ne, daga 0 zuwa 6. Sifili shi ne babu sauran alamar ciwo, 2 shi ne akwai 'yar nakasa amma mutum na iya kula da kansa, 4 ba ya tafiya sai an riƙe shi, 5 yana kwance sai an yi masa komai, 6 ya rasu. Wanda ya samu 0 zuwa 2 shi ake lissafawa ya samu kyakkyawan sakamako. An samu bin sawun kashi 99 cikin ɗari na waɗanda aka ɗauka, abin da ba kasafai ake samu ba a gwaji mai wannan girma.

A watan Afrilu na 2015 aka bayyana sakamakon a taron ƙwararru a Gilasgo, mujallar Lancet ta buga. Reshe ya juye da mujiya. A rukunin tashi da wuri mutum 480, wato kashi 46, suka samu kyakkyawan sakamako. A rukunin kulawar da aka saba 525 ne, kashi 50. Da aka daidaita lissafin da shekaru da tsananin ciwo, tazarar ta tabbata ba ta tsautsayi ba ce. Mace-mace 88 ne da 72, bambancin da lissafi bai tabbatar ba. Saurin komawa tafiya da ƙaramin gwaji ya yi wa mutane kwaɗayinsa bai bayyana ba. Cututtukan doguwar kwanciya da ake gudu kuwa ba su yi yawa ba a kowane ɓangare.

A nan dole a ba ƙidaya haƙƙinta. Bambancin mutum huɗu cikin ɗari babu mai fisiyon da zai gan shi da idonsa, ko shekara talatin ya yi a ɗaki ɗaya. Wanda ka tayar ya taka, za ka tuna da shi. Wanda ka tayar ya ɗan ƙara lalacewa, za ka ce ciwon ne ya ci gaba, kuma ba za a ce ka yi ƙarya ba. Da hira kawai aka yi da ma'aikata, da babu yadda za a yi a gano cewa abin da ake yi da kyakkyawar niyya yana rage wa wasu rabo. Sai da aka tara mutum dubu biyu aka jefa musu ƙuri'a.

Tambayar da alƙaluman suka bari a buɗe

To amma me aka gwada da me? Wanda ya karanta kanun labari zai ɗauka an kwatanta tashi da wuri da kwanciya ne. Ba haka aka yi ba. Matsakaicin lokacin tashin farko a rukunin gwaji awa 18 da rabi ne bayan kamuwa, a ɗaya rukunin awa 22 da 'yan mintuna. Tazarar ba ta kai awa biyar ba. Kashi 59 na rukunin "yadda aka saba" su ma an tashe su kafin awa 24. Inda aka rabu sosai shi ne yawa: zagaye shida da rabi a rana a kan uku, minti 31 na aiki da mai fisiyo a kan minti 10.

Akwai kuma wata lamba da ni a ganina ta fi kowace ban sha'awa a rahoton. Kowace shekara, lokacin tashin farko a rukunin kulawar da aka saba yana matsowa da kimanin minti 28. Ka ninka wannan sau takwas, ka ga an kusa awa huɗu. Wato abin da aka kafa a matsayin ma'auni shi kansa tafiya yake yi, yana bin sawun abin da ake gwadawa. Kamar mai awon hatsi ne da mudunsa ke ƙara girma kowace kasuwa. Alƙaluma sun nuna mudun ya canza. Dalilin canzawarsa kuwa sai a bakin masu riƙe da shi.

Nan ne aikin wata mai bincike a fannin fisiyo, Julie Luker, da abokan aikinta ya shigo. Sun zaɓi ma'aikata 53 daga ɗakuna 19 a Ostareliya da Niyu Zilan da Sukotland, da gangan aka zaɓe su don a samu nas-nas da masu fisiyo da sauran masu hannu a gwajin, ba ƙuri'a aka jefa ba. Ɗalibai kan yi tuntuɓe a nan, su ce 53 ina za su kai a gaban 2,104. Ai ba tambaya ɗaya ake yi ba. Mai son sanin kashi nawa ne suka warke yana buƙatar jama'a. Mai son sanin yadda aiki ke gudana a ɗaki yana buƙatar wanda ya kwana a ɗakin, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. An yi hirarrakin ta waya da ta intanet da kuma ido da ido, aka naɗa, aka rubuta, mutum biyu suka bi rubutun suna ware maganganun da ke maimaituwa, har suka fitar da jigogi goma. An buga a 2016.

Abin da ya fito ya cike gurbi da dama. Wasu ma'aikatan da bakinsu suka ce sun lura kulawar yau da kullum ta canza a tsawon shekarun gwajin. Hakan ba abin mamaki ba ne in aka tuna nas ɗin da ke tayar da mai gado na uku sau shida ita ce dai ke kula da mai gado na huɗu da ƙuri'a ta ce a bi shi yadda aka saba. Hannun da ya koyi abu ba ya mantawa don an matsa gado ɗaya. Ga shi kuma a shekarun nan ƙa'idojin jinya na ƙasashe da yawa sun riga sun fara cewa a tayar da wuri, tun kafin hujja ta iso.

Hirarrakin sun kuma nuna cewa "tashi da wuri" ba abu ɗaya ba ne a ko'ina. A wasu ɗakunan ƙarancin ma'aikata ne ya sha kansu, a wasu rashin jituwa tsakanin nas-nas da masu fisiyo, a wasu tsarin asibitin kansa, a wasu kuwa abin da ma'aikaci ya yi imani da shi game da hutu da motsi. Wani lokaci daga marar lafiyar ne, jikinsa ya ƙi. Inda abin ya tafi daidai, an samu shugaba tsayayye da ya jawo mutane a jiki, aka yi ta koyarwa, aka sauya yadda ake raba aiki tsakanin ɓangarori. Wasu ma sun ce gwajin ya gyara zaman aikinsu, nas da mai fisiyo da a da kowa ke harkarsa suka koma tafiya tare.

Wannan shi ne bambancin gwada ƙwaya da gwada aikin fisiyo. Ƙwayar da aka haɗiya a Singafo ita ce aka haɗiya a Gilasgo. Amma zaunar da mutum a bakin gado ya danganta da hannu nawa ne a wurin, da wa ya yarda da wa, da ko ranar Asabar ce. Hukumar binciken lafiya ta Birtaniya ta daɗe da gane haka, shi ya sa ta fitar da jagora kan irin waɗannan jiyya masu sassa da yawa a 2000, ta sabunta a 2008, sannan a 2015 aka fitar da wata ta musamman kan bin diddigin yadda aka aiwatar da aiki a cikin gwaji.

Komawa ga lambobi da sabon ido

Saboda an sa ma'aikata rubuta kowane zagaye da mintunansa, akwai abin komawa a tona. A 2016 tawagar ta buga a mujallar Neurology nazarin da ta riga ta tsara tun farko kan yawan aikin. Suka raba abu biyu da a da ake cakuɗawa: sau nawa aka tashi, da minti nawa aka yi. Sai ga su suna ja ta fuskoki biyu. Idan mintuna ba su canza ba, ƙarin zagaye ɗaya a rana na tafiya da ƙaruwar damar samun sauƙi da kimanin kashi 13. Idan yawan zagaye bai canza ba, kowane ƙarin minti biyar a rana na tafiya da raguwar damar. A taƙaice, kaɗan-kaɗan sau da yawa ya fi dogon zama guda.

Sai an yi hattara da wannan sakamako. Ba ƙuri'a ce ta raba mutane zuwa masu gajeren zagaye da masu dogo ba, don haka alaƙa ce aka gani, ba a tabbatar da sanadi ba. Su kansu masu binciken sun san da haka, shi ya sa suka kafa sabon gwaji mai suna AVERT DOSE don a gwada awo daban-daban kai tsaye. Dalilin da ake zato a jiki shi ne, a awannin farko akwai yankin ƙwaƙwalwa da ke kewaye da inda ya mutu, jini na isa gare shi da ƙyar, kuma tsarin da ke daidaita gudun jini a kai ya raunana, ta yadda daɗewa a tsaye zai iya rage masa ɗan abin da yake samu. Zato ne mai ma'ana, amma AVERT bai auna shi ba.

Abin da ya ja hankalina shi ne yadda wannan ya yi daidai da wata murya ta daban. A 2015 Luker ɗin dai ta tattara nazarce-nazarcen sauraro kusan talatin da aka yi da waɗanda suka yi fama da ciwon da kansu, kan yadda suka ji da aikin farfaɗo da jiki. Suna son motsi, suna ganin amfaninsa, har suna ƙorafin zaman kaɗaici da gundura, daidai da abin da mai takarda da biro ya ƙirga a Melbon. Amma kuma sun yi maganar gajiya mai danne mutum, da takaicin komai sai an yi maka, ba a tambayar ra'ayinka. Ka ajiye "ina so in motsa" kusa da "gajiya na kayar da ni", ka ga hoton gajeren zagaye mai maimaituwa ya fito tun kafin a zana jadawali. Ba hujja ba ce a kan ƙwaƙwalwa, amma ta nuna irin awon da mutum zai iya ɗauka.

Inda aka gaza

Ina ganin AVERT ya cancanci yabon da ake masa, amma haɗin nasa bai cika ba. Waɗancan hirarraki 53 da ma'aikata aka yi su. Dattijon da aka zaunar sau shida a rana ta farko, da matarsa da ke tsaye tana kallo, ba su cikin wannan nazari. Muryar marasa lafiya da na kawo a sama daga wasu bincike daban aka aro ta, na wasu mutane a wasu wurare. Sannan ɗakunan da aka yi hira da su na Ostareliya ne da Niyu Zilan da Sukotland. Malesiya da Singafo sun ba da marasa lafiya, an ƙirga su, amma ba a ji ta bakin ma'aikatansu a wannan aikin ba, alhali nan ne aka fi tsammanin zaman dangi a gefen gado da fahimtar hutu za su bambanta da na Turawa.

Na biyu, sauraron ya zo ne a gefe, kuma a makare. Rahoton Lancet ya fita a 2015, na hirarraki a 2016 a wata mujalla da masu aikin asibiti ba su cika buɗewa ba. Mutum dubu za su karanta na farko kafin goma su karanta na biyu. Da tun shekarar farko ana zama da nas-nas duk bayan wani lokaci, da wataƙila an ji labarin mudun da ke girma tun bai yi nisa ba. Haɗa hanyoyi biyu na gaskiya shi ne a ɗora sakamakon wannan a kan na wancan a teburi ɗaya, layi da layi, a ga inda suka gaskata juna da inda suka saɓa. A AVERT mai karatu ne ke yin wannan aikin da kansa.

Duk da haka ƙa'idoji sun canza. Ta Ostareliya a 2017 ta ce kada a fara aiki mai tsanani na barin gado cikin awa 24, amma a fara motsa mutum kafin awa 48 in babu abin da ya hana. Ta ƙungiyar likitocin zuciya da shanyewar jiki ta Amurka a 2018 ta hana tashi mai yawa a awa 24 na farko. Ta NICE, hukumar da ke tsara ƙa'idojin jinya a Ingila, a 2019 ta ce wanda ke buƙatar taimako kafin ya zauna ko ya tsaya ko ya taka, kada a ɗora masa aiki mai tsanani a ranar farko. Babu ɗaya a cikinsu da ta ce a bar mutum a kwance.

Na jaddada wannan ne saboda na ga yadda ake juya maganar a wajenmu. Lokacin da kawuna ya kwanta da wannan ciwo a wani asibiti, kwana na biyar mai fisiyo ta zo za ta zaunar da shi, sai inna ta tare ta: "Haba 'yar nan, mutumin da ko cokali ba ya riƙewa? Ki bar shi ya huta mana." Wani ɗan'uwanmu mai karance-karance a waya ya ƙara da cewa ai Turawa ma sun gano tashi da wuri na da illa. Yarinyar ta yi murmushi ta ce, "Mama, ba tafiya zan sa shi ba, zama kawai zai yi na minti kaɗan, ke ma ki riƙe masa wannan kafaɗar." Da aka sa hannun inna a cikin aikin sai gardama ta mutu. Shi kuwa ɗan'uwan namu ya ɗauko sakamakon awa 24 na farko ya ɗora a kan kwana na biyar. Rukunin da ya fi samun sauƙi a AVERT kusan dukkansu sun bar gado kafin cikar kwana biyu.

Wanda zai yi irin wannan bincike a Kano ko Zariya ko Damagaram zai tarar tambayar tasa ta sha bamban. Da yawa daga marasa lafiyarmu ba sa isowa asibiti a ranar farko, don haka gardamar awa 18 da awa 22 ba ta taso ba. Kaɗaicin Melbon ma ba shi ne matsalarmu ba, gefen gadonmu cike yake da 'yan jinya da tabarmi da kwanukan abinci, kuma su ne ke juya marar lafiya da dare, su ne za su tashe shi ko su hana. Takardar mai zagayen minti 10 za ta yi aiki a nan ba tare da an kashe kuɗi mai yawa ba, sai dai layin "wa ke tare da shi" zai buƙaci fili babba. Ma'aunin Rankin kuma zai ce kawuna yana mataki na 3, yana tafiya da kansa amma yana buƙatar ɗan taimako. Shi da aka tambaye shi bayan wata uku yaya jiki, cewa ya yi da sauƙi, sai dai har yanzu a kujera yake sallah, kuma buta sai an riƙe masa.